Yadda Gajere Ya Shayar da Gonar Lawali

A Tudun Kalgo, wani ɗan ƙauye da ke gefen Baudeta, in ka tambayi gidan Abdul Razak sai mutane su yi ta kallon juna. In ka ce Gajere, wani zai nuna maka da haɓa. Amma in ka ce Sarkin Ruwa, to har awakin gari sun san ƙofar.

Sarautar nan ba maigari ya naɗa ta ba. Ruwan farko na wata damina ne ya naɗa ta, shekarun baya kaɗan. Ran nan hadari ya taso daga gabas tun da hantsi, baƙi ƙirin. Mata na ta kwashe shanya, yara na kora kaji, shi kuwa Gajere ya saɓa hauya ya nufi fakon da shi da wansa suka gada wurin ubansu, yana tafe yana murmushi kamar mai zuwa ɗaukar amarya. Rani guda cur ya yi yana haƙa a wurin nan, ƙasa mai tauri wadda ko ƙarangiya ta yi fushi da ita. Ramukan da ake kira rabin wata yake ginawa: a haƙa rami mai siffar jinjirin wata, a tara ƙasar da aka fitar a bayansa ta zama gaɓa, don in ruwa ya gangaro ya shiga ta baki ya kwanta, ƙasa ta sha ta yi laushi. Kowane rami ya zuba mashi taki, takin da ya yi ta jida a amalanken aro har jakin mutane ya fara gudu in ya hango shi.

Duk ramukan nan ya buɗe masu baki suna duban gabas. Yana da hujjarsa, kuma hujja ce mai kyau in a inuwa ake zaune: kowa ya san daga gabas hadari ke tasowa. Wanda ke jiran baƙo ai ƙofar da baƙon zai shigo yake buɗewa.

Ruwa ya sauko kamar da bakin ƙwarya. Gajere na tsaye tsakiyar fako, riga ta manne mashi a jiki, yana jiran ya ga ramukansa sun cika. Sai ya ji sanyi na dukan dugadugansa ta baya. Ya waiwaya. Ashe ruwan sama daban, ruwan ƙasa daban. Na sama ya zo daga gabas, gaskiya ne, amma da ya taɓa ƙasa sai ya manta da asalinsa, ya bi gangare, gangaren fakon kuwa daga yamma yake zuwa gabas, a hankali ƙwarai, yadda ido ba ya gani. Ruwa ya zo ya tarar da ramukan sun juya mashi baya, ya bugi gaɓa, ya rabu biyu, ya zagayo, ya leƙa cikin ramin ya kwashe takin tas, ya yi gaba abinsa. Rami bayan rami haka. Gaba kuwa, daga iyakar gabas, gonar Lawali ce, taubashinsa, ɗan ƙanwar ubansa, mutumin da tun suna yara bai taɓa ganin Gajere ya yi tuntuɓe ya bar abin ya wuce ba.

Masu tsaron gonaki da suka fake a gindin gawo sun ce sun ga Gajere yana bin ruwan a guje, yana tare shi da hauya, yana tare shi da ƙafa, yana faɗin, "Kai! Kai! Ina za ka?" kamar mai kora ɗan maraƙi. Shi ya ce ƙarya suke yi mashi, sau ɗaya kawai ya faɗa.

Kafin a ci gaba, ya kamata a san ko wane ne mutumin. Da farko dai ba gajere ba ne. Dogo ne sambal kamar giginya, sai ya sunkuya yake shiga zaurensa. Sunan kakansa aka laƙaba mashi tun yana zanen goyo, kakan kuwa an ce da tulu suke kai ɗaya. Yaro ya yi ta tsawo, suna ya ƙi ɗagawa.

Ƙuruciyarsa duk a hanya ta ƙare, kamar ta yawancin sa'o'insa. Da an ɗaure hatsi an kai rumbu sai a hau kamiyo, babbar motar kaya, a tafi cirani. Ya ɗauki siminti a Agadas, ya yi garuwa a Kano, ya yi leburanci can cikin Aljeriya inda sanyi ya shiga gwiwarsa ta hagu ya ƙi fita har yau. Gonar gandu da suka gada shi da wansa Maman Sani ba ta kai su ko tsakiyar rani, saboda haka dole a fita a nemo cikon. Ba ya ƙorafi. Abin da ya karya mashi zuciya ƙarami ne. Wata shekara ya daɗe bai dawo ba, da ya shigo gida da jakarsa, ɗiyarsa Mardiya, wadda ya bari tana rarrafe, ta kwasa a guje ta ɓuya bayan uwarta tana cewa, "Inna, ga wani mutum." Shatu, matarsa, ta yi dariya don ta rufe abin. Shi bai yi ba. Ya ajiye jakar a ƙofar ɗaki ya ce, "Ni da cirani, sai dai in ji ana labarinsa."

To, wanda ya ce ba ya fita nema sai ya nuna abin da zai ci. Abin da ya rage masu bayan gandu shi ne fakon nan, wanda tun zamanin ubansu ya daina ba da komi. A dawowarsa ta ƙarshe kuwa, yana bisa kamiyo wajen Mayahi, ya hango mutanen wani furoje, irin aikin nan na raya karkara, suna gina rabin wata a wani fili, ya kuma hango wani filin kusa da shi da aka gina bara, ya yi kore shar. Mota na gudu, shi yana kallo, kafin su wuce ya gama karatu ya sauke. Bai sauka ya tambaya ba. Gajere a wancan lokaci tambaya a wurinsa kamar bara ce.

Kuma da ya tashi, bai tashi da kaɗan ba. Kafin ya sa diga a ƙasa sai da ya fara gina rumbu. Rumbu kuwa ba na wasa ba, wanda babu irinsa a gari, har masu wucewa zuwa kasuwa na tsayawa su tambaya ko na maigari ne. Sannan ya je gindin itacen bedi inda maza ke shan shayi, ya tsaya, bai ko zauna ba, ya ce bana fakon nan duka zai tashi, daga wannan iyaka zuwa waccan, kuma rumbun nan sai an danna hatsi da ƙafa kafin a rufe shi.

Lawali ya kurɓi shayinsa ya ce, "Allah shi ba da sa'a, bawana. Amma mu a garinmu haihuwa ake fara yi kafin a raɗa suna."

"Kai dai tanadi igiyar ɗaure dami, zan ɗauke ka aiki."

Abin da ya biyo baya kun ji shi. Daminar nan gonar Lawali ta yi hatsin da ba ta taɓa yi ba, zangarniya kamar hannun ƙato. Fakon Gajere kuwa ya fito da ɗan abin da ya fito da shi, tsilli-tsilli, kamar gemun saurayi. Rumbu ya zama gidan kajin Shatu, su kam sun yaba da ginin.

Ana cikin daminar ne wani abu ya faru a tsakar gida wanda ba kowa ya sani ba. Bayan kwana biyu da ɓarnar, Gajere na zaune ya haɗa kai da gwiwa, Shatu na sassaƙa wata 'yar hanya da tsohuwar hauya daga bakin madafa zuwa rariya.

"Malam, ɗaga ƙafarka, nan zai bi."

"Wa?"

"Ruwa mana."

"Ke wa ya gaya maki nan zai bi? Tsakar gidan ai a shimfiɗe take."

"Ni ai ba ni da wanda zai gaya mani. Duk damina ina tsaye bakin ƙofa ina kallonsa, shi ke nuna mani. In na tare shi inda ba ya so, cikin ɗaki yake kwana."

Ta ci gaba da aikinta, ba ta ƙara ko kalma ba, don ta san mijinta: in aka ba shi shawara a faranti sai ya ture, in ta faɗi ƙasa shi zai tsinta ya ce tasa ce. Gajere ya ɗaga ƙafa. Ya daɗe yana kallon 'yar hanyar nan.

Daga ranar, duk sanda hadari ya haɗu, mutane na gudowa gida shi yana fita. Ya kan ɗauki damin kara, ya je fako ya tsaya cikin ruwa. Inda ya ga ruwa ya fara taruwa ya kafa kara. Inda ya karkata ya bi shi, ya kafa wani. Wani lokaci ya durƙusa ya saki ɗan ganye ya ga inda zai nufa, ya bi shi a sunkuye, dogon mutum yana rakiyar ganye cikin ruwa. Gari ya ɗauka. Wasu suka ce aljanun fakon ne suka shafe shi, wata tsohuwa ta aiko wa Shatu da turare. Liman ya tare shi bayan sallar La'asar ya ce, cikin lallashi, ai tsawa ba ta san mai gona ba, ya riƙa tsayawa nesa da itace. Gajere ya gode, ya ce zai kiyaye, kuma ya kiyaye, amma fita bai fasa ba. Mura ta kama shi ta sake shi har ta gaji.

Da kaka ta yi, Lawali ya ɗauko dami guda a ka, ya ratsa tsakiyar gari da shi a hankali yadda kowa zai gani, yara na biye, ya dire a ƙofar Gajere ya durƙusa har ƙasa.

"Ranka shi daɗe, Sarkin Ruwa! Ga gaisuwar talakawa. Allah shi maimaita mana baɗi."

Gari ya kwashe da dariya, suna ya zauna daram. Gajere ya fito ya dubi damin, ya dubi taubashinsa. Kowa ya zaci zai yi jifa da shi. Sai ya sunkuya ya ɗauka.

"Na karɓa. Takina ne ya dawo gida. Iri zan yi da shi, kuma ka dube shi da kyau, wanga shi ne na ƙarshe da za ka ci a jikina."

Dariyar gari ba ta dame shi ba kamar sallamar da aka yi mashi bayan 'yan kwanaki. Maman Sani ne, wansa, mutum mai sanyin magana wanda ba ya faɗin abu sau biyu. Suka zauna a zaure. Ya ce wani ɗan kasuwa daga Tasawa ya ga fakon, yana so, zai sa a riƙa haƙar ƙasar ana buga tubali. Ya ce wuri ne na su biyu, ya zuba ido an yi rani an yi damina, abin da aka samu gari ya gani.

"Yaya, in aka haƙe shi ai ya tafi ke nan. Kududdufi zai zama."

"Yanzu mi ne ne? Ko akuya ba ta tsayawa wurin. Ni ba ƙin ka nike ba, Gajere. Iyali gare ni, kai ma haka. A sallama wurin, kowa shi rage zafi, kai kuma ka bi 'yan uwanka ku tafi nema kamar kullum. Mi ya yi zafi?"

Gajere ya san lissafin ba sai an yi mashi ba. In fako ya tafi, ba shi da sauran abin da zai tsayar da shi a gida, abin da zai samu kuwa ba zai kai shi ko'ina ba. Sai kamiyo, sai gwiwa, sai Mardiya ta sake ganin wani mutum.

"Ba ni damina ɗaya."

"Ka sha ɗaya."

"Waccan ta Lawali ce. Ba ni tawa."

Maman Sani ya so ya yi dariya, ya danne. Ya murza carbi, sannan ya ce, "Ɗaya. In wurin ya yi hatsi, gona ce, ba mai sayar da gonar ubansa. In bai yi ba, kada ka sa in sake zuwa zauren nan da maganar."

Rani ya shigo. Ran da kamiyon 'yan cirani ya tsaya bakin hanya, samari da magidanta suka yi ta hawa da buhunansu, wani abokin tafiyarsa na da ya leƙo ta sama ya ce, "Sarkin Ruwa, akwai wuri! Taho mu tafi inda ruwa ke bin famfo, ba ya ɓata hanya!" Gajere na tsaye da diga a kafaɗa. Ya ɗaga masu hannu ya ce su gaida Agadas, su ce mata ya yafe mata. Sai da motar ta ɓace sannan ya gyara digar a kafaɗa. Ya juya ya nufi fako.

Wanda ya san Gajeren bara ba zai gane na bana ba. Da farko dai ya daina zuwa gindin bedi da sanarwa. In an tambaye shi dami nawa yake sa rai, sai ya ce, "Wannan a tambayi mai sama. Ni diga aka ba ni." Na biyu, ya hau moto ya koma har wurin nan na wajen Mayahi da ya hango daga kamiyo, ya sauka, ya yi sallama, ya tambaya. Ya ce tambayar ta fi haƙar fako wuya, amma da ya yi ta bai mutu ba. Mutanen wurin suka zagaya da shi, suka nuna mashi yadda ake saɓa ramukan, na layin ƙasa ya tare ruwan da ya kuɓuce tsakanin na sama. Da ya ba su labarin ramukansa masu duban gabas, wani dattijo ya yi dariya har ya share hawaye, sannan ya ce su ma akwai wanda ya taɓa yi, sai dai shi ba shi da maƙwabcin da zai kawo mashi gaisuwa.

Abu na uku shi ya fi ba mutane mamaki. Fakon da ya ce zai tayar duka, sai ya yanki kusurwa ɗaya kawai, can sama ta yamma inda karan da ya kafa suka nuna nan ruwa ke farawa. Wuri ne da mutum zai tsaya a wannan gefe ya yi magana da na wancan ba tare da ya ɗaga murya ba. Sauran fakon ya bar shi da tsofaffin ramukansa suna ta duban gabas kamar masu jiran fitowar rana.

Lawali ya zo wucewa ya tsaya a iyaka, ya riƙe ƙugu.

"Ashe sarauta ta ragu? Bara ƙasa guda, bana faifai?"

"Bara da baki na yi noma, shi ya sa ta yi faɗi. Bana da hannu nike yi."

"To rumbun fa? Ko kaji sun saye?"

"Haya suke. Ka wuce, kana tsaye mani a hanyar ruwa."

Kullum in ya yi sallar Asuba ya sha kunu sai fako, ya yi ta haƙa har inuwarsa ta dawo ƙarƙashin ƙafarsa, sannan ya tashi, ko aikin ya yi daɗi ko bai yi ba. Ran da gwiwa ta matsa, ya zauna a ƙasa ya gyara gaɓa da hannu. Alkawarin da ya ɗaukar wa kansa ke nan, kada rana ta take bai taɓa ƙasar nan ba, kuma alkawari ne da ba ya bukatar izinin hadari. Taki kuwa, tunda masu amalanke sun fara ɓoye jakunansu, sai ya je rugar Ishaƙu, wani Bafulatani da ke sauka kusa da garin kowane rani, ya roƙe shi ya kwana da shanunsa a kusurwar, shi kuma ya ba shi karan gandu da harawa. Ishaƙu ya dubi wurin ya ce, "Kaɗo, shanuna za su kwana nan, amma in ruwa ya zo ka gaya mashi wannan ba na Lawali ba ne." Labari ya kai har ruga ke nan.

Damina ta zo da wasa. Aka yi ruwan shuka, kowa ya shuka. Gajere ya tsaya cikin ruwan farko kamar bara, a wuri ɗaya, sai dai wannan karon ruwan da ya gangaro daga yamma ya tarar da baki a buɗe. Ya shiga ramin farko ya cika shi, ya zagaya ya faɗa na biyu. Ya kwanta. Gajere ya tsuguna yana kallon ruwa kwance a wurin da bai taɓa kwana ba tun yana yaro, kumfa na juyawa a kai a hankali. Da ya dawo gida Shatu ta dubi fuskarsa kawai ta ƙara mashi miya.

Sai kuma sama ta ɗauke. Hatsi ya kai gwiwa ruwa ya tsaya cak, rana ta buɗe, aka shiga fita roƙon ruwa. Gonakin jigawa suka fara naɗe ganye, gandunsu ma haka. Gajere ya kan je kusurwarsa ya tura yatsa cikin rami, ya ji danshi, ya mayar da ƙasa ya rufe kamar mai ɓoye goro. Ko a nan bai yi baki ba, don ya san in fari ya ƙara tsawo shi ma ramin zai bushe, kuma babu abin da digarsa za ta iya. Allah ya sa ruwa ya dawo kafin a kai nan. Gari ya samu abin da ya samu, ba yabo ba fallasa. Kusurwar fako kuwa ta tsaya kore, ta fitar da kai, ta nuna.

Kada a yi ƙarya, ba wani hatsin kirki ba ne in aka gwada da girman rumbun. Da aka zuba, ƙasan kawai ya rufe, kajin Shatu suka koma kwana a kai suna ganin an yi masu shimfiɗa. Kuma a nan gardama ta tashi. Ran da Maman Sani ya zo duba wuri, ya tsaya ya dubi kusurwar da aka girbe, ya juya ya dubi sauran fakon, fari fat har iyakar Lawali.

"Ka yi ƙoƙari, ba a hana ka ba. To amma Gajere, wanga ai tabarma ce. A bar maka ita, a sallama sauran."

"Yaya, cewa ka yi in wurin ya yi hatsi."

"Wurin na ce, ban ce kunnensa ba."

"Kunnen ai jikin kai yake. In aka haƙa ramin tubali ƙasa da ni, ina zan gangara baɗi? Bana nan, baɗi layin da ke biye, haka har in kai iyaka. Ba gudu nike ba, kuma ba tsayawa zan yi ba. In ka ga dama ka kawo mai tubalin, amma shi zo da shirin haƙa da ni a ciki."

Bai taɓa yi wa wansa magana haka ba. Maman Sani ya ɗaure fuska. Ana cikin haka sai ga Lawali ya ratso ta gonarsa, yana tafe yana sababi tun daga nesa, hula a karkace.

"Yawwa, gara da na same ku tare! Maman Sani, ka yi mani iyaka da ƙanenka. Bara ruwa da taki har gida, bana gefen gonata na sama ko rabin na bara bai sha ba. Ɗan wurin nan da ya tono ya shanye mani ruwa! In ya gangaro da ramukan nan har ƙasa, ni mi zan sha? Sarkin da ke hana talakawa ruwa ai tuɓe shi ake yi!"

Har yau ba a san ko da gaske Lawali yake ba ko taubasantaka ce ta kawo shi daidai lokacin. Shi ya ce da gaske yake. Shatu ta ce tun safe ta gan shi zaune gindin gawo yana leƙen hanya.

Maman Sani dai ya dubi Lawali, ya dubi ƙanensa. Ya taka zuwa cikin kusurwar, ya sunkuya, ya kama tushen hatsi guda ya tumɓuke. Saiwar ta fito da ƙasa baƙa manne da ita. Ya murje ta a tafin hannu, ya shinshina, ya daɗe bai ɗago ba.

"Rabon da in ga ƙasar wurin nan ta yi wanga launi, tun Baba na da ƙarfi." Ya kakkaɓe hannu. "Zan aika Tasawa a ce ya nemi wani wuri. Kai kuma Lawali, in ruwa kake so, ga diga can."

Shekaru sun ɗan shuɗe yanzu. Gajere bai sake hawa kamiyo ba. Ramuka sun gangaro sun wuce tsakiyar fako, layi bayan layi, sabara da kalgo sun tsiro a kan gaɓoɓin farko, yana sassabe su yana barin masu ƙarfi. Wata shekara ya ci gaba da yawa, wata shekara gwiwa ta ce a'a, ya yi kaɗan. Mardiya na lakwal tana karatun boko, kuma in ta tashi ta san inda za ta same shi. Lawali ma an gan shi da diga a gefen gonarsa, ko da yake ya ce motsa jiki yake yi. Rumbun nan kuwa har yanzu bai cika ba. Ya kai ƙirji bara, kaji sun nemi wani gida.

Can ƙasa, dab da iyakar gabas, akwai rami ɗaya daga cikin na farko da Gajere ya hana a taɓa. Yana nan baki buɗe yana duban gabas, duk damina ruwa na zagaye shi ya wuce gonar Lawali.

Sunan ma yana nan. Kwanan baya a gindin bedi, ana shan shayi, wani baƙo ya tambayi dalilin da ake ce mashi Sarkin Ruwa. Lawali ya gyara zama, ya ba da labarin tun daga hadari har bin ruwa da hauya, ya ƙara gishiri inda ya ga ya yi lami, aka yi ta dariya. Sannan ya juyo ya ce, "To ranka shi daɗe, rumbun da za a danna da ƙafa fa? Har yanzu ƙafafunmu na jira. Kuma ramin nan mai duban gabas, kunya ce ta hana ka zuwa wurin?"

Gajere ya shanye shayinsa, ya miƙa kofin, ya miƙe tsaye har kansa ya taɓa reshe.

"Rumbu ba gudu zai yi ba, ni ma ina nan. Ramin kuwa malamina ne, ba a rushe gidan malami. Ni dai ko da na yi kuskure gona guda na shayar. Ku da ba ku taɓa kuskure ba, ku nuna mani wadda kuka shayar."